Yadda Na Yi wa Ƙeyar Zulai Waƙa

Laraba: Mainika zuwa Gwarzo

Ƙarfe shida saura kwata, ana sallame sallar asuba, na fito daga ɗakinmu da jakar leda. A cikinta akwai riga ɗaya, huluna uku da kaset ɗin waƙata. Shekarata goma sha bakwai, kuma a lissafina saura kwana uku duniya ta san ni. Na durƙusa a zaure na yi wa Baba sallama.

"Nazifi, ka tuna alkawari?"

"Na tuna, Baba."

"Maimaita in ji."

"In ruwan shuka ya sauka waƙata ba ta shiga faifai ba, na bar waƙa har abada."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi. Ya leƙa sama ta ƙofar zaure ya yi wani murmushi da bai yi mini daɗi ba.

Ga yadda abin yake. Akuyata na sayar aka buga mini waƙar a birni, ni da wata mawaƙiya da ban sake gani ba. Wani mai sayar da faifai a Kano yana tara waƙoƙin sababbin yara guda goma, zai rufe karɓa ranar Juma'a, kuma ba ya son murya tsura, sai da hoto. Yaronsa na Gwarzo, Ɗanlami mai kwamfuta, shi ke haɗa hoton ya aika. Mai ɗaukar hoto kuwa Yaya Sagir ne, ɗan maƙwabcinmu, ɗalibin aikin jarida. An ba shi aron kyamarar makaranta ta kwana biyu don aikin jarrabawarsa, yana kuma da wata takardar darasi mai shafi goma sha biyu da yake riƙewa kamar takardar gonar gado.

Acaɓa ɗaya muka hau mu biyu, naira ɗari da hamsin, saboda mai ya yi wuya har ana sayar da shi a kwalbar lemo. Duk gangara sai mai babur ya kashe inji. Yaya Sagir kuwa injinsa bai taɓa mutuwa ba.

"Hoton waƙa kala uku ne!" yana ihu a kunnena. "Akwai mai bin magana: ka ce wata, a nuna wata. Akwai mai ƙara wa magana gishiri. Akwai mai jayayya da magana: ka ce fari, a nuna baƙi!"

Mai babur ya waiwayo. "Malam, a cikinsu wanne ne ke sauko da kuɗin mai?"

Gwarzo

Bakwai da minti goma muka sauka. Koko da ƙosai naira arba'in. Daga nan muka taka zuwa madatsar ruwa ta bayan gari, domin takarda ta ce waƙar soyayya ba ta yiwuwa sai da ruwa da furanni. Bazara ta shanye ruwan, saura wanda kaza za ta tsallake ba ta jiƙa ƙafa ba. Furanni na roba ne, Yaya Sagir ya zaro su daga ɗakin mahaifiyarsa.

A shekarar an hana mace da namiji rawa tare a fim, masu tace finafinai a birni ko tsayuwa kusa ba sa so. Dabarar Yaya Sagir ita ce a ɗauke ni ni kaɗai a Gwarzo, a ɗauki yarinya ita kaɗai a Durun ta wajen Kabo, kwamfuta ta haɗa mu.

"Sirrin a ido yake," in ji shi. "Kai ka kalli hannun dama na talabijin, ita ta kalli hagu. In aka jera hotunan, mai kallo zai rantse kuna kallon juna, ko da akwai ƙaramar hukuma guda a tsakaninku."

"To wa zan kalla?"

Ya duba dama. Wani jaki ne ɗaure a turke.

Jama'a, awa biyu na yi ina miƙa wa jakin nan furen roba, rikoda na kaɗawa, ina motsa baki daidai da muryata. Ka'ida ta ce kowane baiti a sake kaya. Riga ɗaya gare ni, wadda na sa aka rubuta NAZIFI MAINIKA a ƙirjinta da fenti ja, don haka hula kawai nake sakewa. Da na kai baitin da ke cewa na kasa barci, jakin ya kwanta.

Mun kwana a shagon wani tela abokin Yaya Sagir. Taliya da manja, sauro kuma kyauta.

Alhamis: Gwarzo zuwa Kabo

Shida da rabi muna tasha. Bas ba ta cika ba sai tara saura minti goma. Mata a baya, maza a gaba, naira tamanin kowa. Da muka ɗan yi nisa sai ga shingen 'yan agajin shari'a. Shugabansu, wani siriri mai fara'a, ya leƙa ya ga jakar kyamara.

"Fim ne?"

Yaya Sagir ya miƙa wasiƙar makaranta, ya fara bayani daga shafi na ɗaya. Mutumin ya ɗaga hannu.

"Ina yarinyar?"

"Tana Durun."

"Shi kuma a ina aka ɗauke shi?"

"A Gwarzo."

"To madalla. Wannan tazara ta wadatar. Allah ya ƙara nisa."

Duk motar ta ce amin, har da direba. Ni ban ce ba, domin ta taga na hango wani ɗan baƙin hadari ya ɗaga kai daga gabas. Tara da arba'in muka shiga Kabo, muka sake hawan acaɓa.

Durun

Yarinyar ita ce Zulai, 'yar Inna Hajara ƙanwar mahaifiyata. Tare muka yi wasan ƙasa, kuma a duk danginmu ba wanda ya kai ta tsiwa. Mahaifinta, Malam Iliyasu, shi ke da Islamiyyar unguwar. Wata uku Inna Hajara ta yi tana lallaɓa shi kafin ya yarda.

Muka zube a gabansa.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi."

"Barka kadai. Kun zo lafiya? Ya mutanen Mainika? Ya mahaifinka? Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya ƙafar Hajiya? Ya jiran ruwa?"

"Da godiya," na ce.

Bayan fura ya karɓi takardar waƙar, ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya ce in aka ɗauka tsakanin miji da mata ne, ba laifi. Sannan ya jero sharuɗɗa: a zaune, cikin hijabi, ba rawa, ba kaɗa kafaɗa, ɗauka ɗaya kafin azahar, kuma a gabansa. Wurin ma shi ya zaɓa, jikin bangon Islamiyya, inda aka rubuta hadisi da manyan baƙaƙen Larabci daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Don mai kallo ya ƙaru da wani abu," in ji shi.

Aka shimfiɗa wa Zulai tabarma a jikin bango. Yaya Sagir ya kafa kyamara ya nuna mata inda za ta kalla, wajen wata bishiyar darbejiya. Ita ce kaɗai inuwa a filin. Kafin ya rufe baki, Malam ya sa an kai masa buzunsa gindin darbejiyar, ya zauna, ya harɗe, ya ɗauko carbi.

Na danna rikoda. Baitin mace ya shigo: "Idona na kanka, ban kau da kai ba." Zulai ta ɗaga ido, ta yi arba da mahaifinta. Wallahi na ga lokacin da tsiwar ta fice mata ta kunne. A hankali ta juyar da fuska ɗaya ɓangaren, ta ci gaba da motsa baki tana kallon turken awaki.

"Zulai, nan za ki kalla," in ji Yaya Sagir da muryar mai jin fitsari.

Ta waiwayo rabi, ta ga carbi, ta koma.

"Allah gafarta Malam, da za a ɗan matsa ta nan, saboda haske…"

"Haske ai na Allah ne, yaro. Inuwa kuma nan take. Ku ci gaba."

Na lallaɓa wajen Inna Hajara da ke leƙe ta bakin ƙofa. "Inna, don Allah ki ce ta kalli can."

"Kai, tafi can, marar ta ido! Wace 'yar arziki ce za ta kalli tsabar idon ubanta ta faɗi wannan magana? Ni da na haife ta ma kunya ta kama ni."

Haka aka ɗauki waƙar tun daga farko har ƙarshe. Malam ya ce ma sha Allah, yarinya ta nuna tarbiyya. Yaya Sagir ya raɗa mini cewa kada in damu, kwamfuta na juya hoto kamar waina, dama ta koma hagu. Na yarda, saboda ba ni da wani abin da zan yarda da shi.

Ƙarfe huɗu a tashar Kabo wani ɗan ajin su Yaya Sagir ya karɓe kyamarar, layinsa ya zo. Su arba'in ne a kanta, ba za ta sake zagayowa ba sai an yi girbi. Muka riƙe kaset. Motar Gwarzo ba ta samu mai ba, muka kwana a barandar masallacin tasha bayan mun ci rogo da ƙuli na naira talatin. Iska ta kwana tana ƙanshin ƙasa.

Juma'a: Kabo zuwa Gwarzo

Bakwai daidai muka samu a-kori-kura mai ɗauke da takin zamani. A kan buhunan na zauna. Ko makaho ya san abin da wannan ke nufi.

Tara da kwata muna shagon Ɗanlami. Ba wuta, sai da muka sayo kwalbar mai aka tayar da janareta. Yana da tsohuwar kyamara wadda idonta ya mutu, juya kaset kawai take yi. Ya zuba hotunan a kwamfuta, ya yanka su daidai bugun kiɗa, ya jera, ya kunna.

Ga ni nan, kyakkyawa kamar ɗan gwamna, ina kallon dama ina miƙa fure. Ga Zulai, ita ma tana kallon dama. Ina roƙo, tana ba ni ƙeya. Tana rantsuwa idonta na kaina, tana kallon Katsina. Minti biyar cur.

"Juya ta," in ji Yaya Sagir.

Ɗanlami ya danna. Zulai ta juyo gare ni. Sai Ɗanlami ya zabura har kujera ta faɗi.

"A'uzu billahi! Dubi bango!"

Hadisin nan duk ya koma baibai, kowane harafi ya juya baya.

"Ni in aika maganar Annabi a birkice? A wannan zamani? Ku rufa mini asiri, 'ya'yana uku."

Ya gwada matso da fuskarta don bango ya fita, hoton ya dagule, ba a ganin komai sai hijabi da rabin hanci.

"To ni a juya ni," na ce. "Ni ba hadisi ba ne."

Ya juya ni. Sunana ya koma wani yare da ko aljanu ba sa ji. Wannan da sauƙi. Amma ga ni tun daga baitin farko har na ƙarshe ina miƙa wa mace kyauta da hannun hagu, ina dafa ƙirji da hagu ina rantsuwa.

"Yaro," in ji Ɗanlami, "ko kuɗin cefane ka miƙa da wannan hannun sai an dawo maka da shi."

Can sai na ga fuskar Yaya Sagir ta washe. Ya buɗe takardarsa.

"Ku bar shi yadda yake! Kala na uku ke nan! Baki na cewa ina kallonka, ido na musantawa. Hoto mai jayayya da magana! A duk ajinmu ba wanda ya yi shi!"

"Malaminka zai ba ka maki," in ji Ɗanlami. "Maigidana kuwa faifai yake sayarwa, ba jayayya ba. Matan aure ke saye, kuma so suke su ga an kalli juna."

Na roƙe shi. Na ce ya aika haka, wataƙila a dace. Na ce ya jira mako ɗaya. Na yi masa kirari, na haɗa shi da iyayensa. Ya dafa kafaɗata ya ce muryata na da daɗi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bayan an sauko daga Juma'a na tsaya a tasha ina kallo ya miƙa wa direban Kano ambulan. Waƙar wani yaro ce a ciki, wanda ya tsaya shi kaɗai a gaban labule yana yabon sabulu.

Gwarzo zuwa gida

Yaya Sagir ya wuce birni da kwafinsa yana ta murna. Ni na hau acaɓa ƙarfe huɗu da rabi. Ba mu yi rabin hanya ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ce wa mai babur ya ƙara wuta, kamar in na riga ruwan isa gida zai fasa. Ɗigon farko a kan hancina ya sauka. Kafin mu shiga Mainika fentin rigata ya zube har cibiya, yara na tsalle a cikin ruwa, mata na tara bokitai, gari duk murna. Ban taɓa ganin mutane masu mugun farin ciki irin na ranar ba.

Shida saura minti biyar na yi sallama a zaure.

"An shiga faifan?" in ji Baba.

"Ba a shiga ba."

Na jira wa'azi, bai zo ba. Sai cewa ya yi, "Je ka sake riga ka ci abinci. Da gonar gabas za mu fara."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa tela da ya ba mu wurin kwana, da Inna Hajara da ta yi iya yinta, da Malam da furarsa. Zulai ba ta da laifi. Da ni aka zaunar a gaban Baba aka ce in faɗi baitin nan, da har yanzu ina gudu. Ku kuma 'yan ajinmu da kuka yi ta tambaya yaushe za ku gan ni a talabijin, ku zo gonar gabas gobe da sassafe. Ina bayan Baba ina zuba iri. In kun ga bakina na motsi kada ku kai ƙara, ba sauti a ciki.