Igiyar Ƙirgin da Ta Cinye Kulocin Yayana

Kurkunu ne ya cinye wa yayana ƙafar hagu, kuma da ƙafar hagu direba yake taka kuloci. Wannan a zamanin Nasara ne, lokacin da babbar mota guda ce tak take shigowa Illela, ta wani kamfanin Turawa mai sayen fata. Yayana ke jan ta. Ni fatauci nake yi, in sayo fatun awaki a Ƙonni in bi motar zuwa Sakkwato, saboda haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Ciwon ya warke, amma gwiwar ta sandare. Yana iya jan ƙafar ya yi tafiya, ba ya iya danna ƙarfe da ita. Da akawun kamfanin ya sani, a ranar zai karɓe motar. Yayana kuwa ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. In ka raba shi da sitiyari ka gama da shi.

Sai ya tafi wurin wani maƙeri a Tozai, mai ƙera linzami da gatari. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma mota fa ba jaki ba ce! Ya ƙera wata sandar ƙarfe ya kafa ta kusa da giya, ya haɗa ta da matakin kulocin, ta yadda in hannu ya jawo sandar, kulocin zai taku da kansa. Wurin haɗin ya ɗaure da igiyar ɗanyen ƙirgi jiƙaƙƙiya. Haka muke ɗaure komai a ƙasarmu: a jiƙa, a ɗaure, rana ta busar, igiya ta ƙanƙance ta kama tamau. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba.

Ran farko yayana har waƙa yake yi. Ya jawo sanda, ya sa giya, ya sake, mota ta tashi sumul. Ya dube ni ya ce, "Kai, mi ƙahwa taka yi wanda hannu bai iya ba?"

Ba mu san igiyar tana ci gaba da bushewa ba. Zafin inji daga ƙasa, rana daga sama, kullum tana ƙara ɗamewa, tana jan matakin ƙasa kaɗan-kaɗan. Ko an saki sandar, kulocin ba ya komawa wurinsa duka. Faifan kulocin da ke ciki yana ta gogar ɗan'uwansa bai kama ba, tun daga Illela har Sakkwato, har dawowa. Da ƙafa ce, da ta ji wannan. Hannu bai ji komai ba.

Ƙauri muka fara ji, irin na gashin akuya a wuta. Na ce, "Yaya, wani abu na ƙuna." Ya ce fatuna ne ke wari. Daga baya sai injin ya riƙa kuka motar ba ta sauri. Ya sani, wallahi ya sani! Amma wa zai gaya wa? Bakanike ɗaya ne, na kamfani ne, kuma yana buɗe ƙofa zai ga sandar. Na yi wa yayana faɗa, na yi magiya, ya ce in rufe masa baki ko in koma bin jakuna.

A cikin rairayin da ke bayan Darna motar ta tsaya, da tsakar rana, cike da kaya. Yayana ya ba ta wuta, inji ya yi ta ruri, tayoyi ko motsi. Hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya ci gaba da jan sandar nan yana sakewa har na riƙe masa hannu. Wasu Fulani masu kiwo suka kawo mana ruwa, suka tsaya suna kallo.

Washegari akawu ya iso da bakanike. Bakaniken ya zaro faifan, ya ƙone ƙurmus, ya sa wuƙa ya yanke igiyar ya jefar. Akawun bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Sauko ka taka in gani." Yayana ya sauko ya taka, gaban Fulani, gaban kowa. A kan jaki na mai da shi gida.

Da sabon faifai ya iso daga Kano, aka ba wani Bakano motar. Bai san hanyarmu ba, kullum sai ya kafe a yashi. Ran nan sai ga shi a ƙofar gidanmu da motar, ya zo tambayar inda ake bi. Da ni ne, da na kore shi. Yayana kuwa ya zaunar da shi, ya zana masa hanyar a ƙasa, kwari da tudu, bai ɓoye komai ba. Sannan ya shiga ciki ya sako rigarsa ta Juma'a, ya fito ya ce bari ya raka shi ya nuna masa da ido.

Bakanon ya ce gaba akwai mutum, sai dai ya hau saman kaya.

Yayana ya kama ƙarfen gefen motar, ya ɗora ƙafar dama, ya ja jikinsa. Ta hagun ta ƙi biyo shi. Ya sake gwadawa, ya sake. Direban ya danna oda, don rana tana yi.

"Ku tai," in ji yayana. Ya saki ƙarfen.