Kwalbar Amino da Na Kankare wa Hoto

A shekarun farko na mulkin farar hula, mahaifiyata ta shafe damina guda tana jiran mutuwata, ni kuwa ina can bayan wani shagon walda a Kakuri ina ɗaga ƙarfe don a ce ina da ƙirji. Ban san tana jiran ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A unguwar Nasarawa ta Kaduna muke zaune, ni da Mama, a gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Babana ya rasu tun ina firamare. Ina aiki a masaƙa, sashen kaɗi, inda ƙurar auduga ke sa kowa tari. Kuma siriri ne ni, irin sirantar da ba ta da kyan gani. Abokan aiki kan ce in riƙe inji da kyau kada fanka ta ɗauke ni. Nakan taya su dariya, amma abin yana ci mini rai.

Da siyasa ta dawo sai ga samari masu ƙwanji sun cika gari, suna maƙale a bayan motocin 'yan takara, riga ta matse su, ido cikin baƙin gilashi. Ni ba aikinsu nake sha'awa ba, ko kaza ba na iya yankawa. Kallon da ake yi musu nake so a yi mini, ko sau ɗaya.

Haka na kai kaina wurin ɗaga ƙarfe. Kayan wurin duk haɗe-haɗe ne, tsofaffin giyoyin mota da siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka masa bututu. Mai wurin tsohon soja ne, kowa Oga yake ce masa. Makon farko na ɗanɗana kuɗata. Hannuna ya ƙi ɗaguwa, sa riga ma sai da dabara, in zan sauka daga bas sai kwandasta ya yi mini tsiya wai tsoho ya yi sauri. Da Oga ya ga ina shirin gudu, sai ya ja ni gefe ya nuna mini wata farar kwalba.

"Amino ke nan," in ji shi. "Abin da jiki ke tatsa daga nama da ƙwai, shi aka dunƙule a nan. In ƙarfe ya yaga maka tsoka, shi ke taimakawa ta ɗinke. Ka sha kafin ka ɗaga, ka sha in ka ajiye. Amma ka ci abinci, ba ya maye gurbin tuwo."

Ƙwayoyin manya ne, kowace ta kai ƙwallon dabino. Matsalar ita ce hoton da ke jikin kwalbar: wani ƙaton Bature tsirara sai ɗan kamfai, jiki ya sha mai, ya murɗe hannu yana yaƙe haƙora. Mama kuwa ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, kuma ita ke share mini ɗaki. Ta yaya zan ajiye wannan mutumin a gidanta? Sai na jiƙa kwalbar a ruwan zafi na kankare takardar da cokali, ba hoto ba rubutu, na cusa ta cikin takalmin ruwa a bayan ƙofa. Zancen ɗaga ƙarfen ma ban yi mata ba, don na san da wannan jikin nawa duk wanda ya ji sai ya yi dariya. Na ce mata an ƙara mana awoyi a masaƙa.

To ga abin da Mama ta riƙa gani. Ɗanta yana dawowa gida yana jan ƙafa, ya zube a tabarma yana nishi. Tarin nan yana nan. Ƙwayoyin sun ɓata mini ciki da farko, ina ta zirga-zirgar bayi. Ɗan kitsen da ke kumatuna gumi ya tafi da shi, idanu suka faɗa. Sannan wata safiya ta shigo da kunu ta same ni ina fama da ƙwaya a maƙogwaro, ido ya kawo ruwa, na yi wuf na kai hannu baya kamar ɓarawo. Ta ajiye kunun ta fita.

Lokacin ne kuwa ƙanjamau ke ɗibar mutane, ko sunansa ba a son kira, sai dai a ce "ciwon nan". Wanda ya rame ya shiga uku da bakin mutane. Daga baya na ji cewa Mama ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai wa wata maƙwabciyarmu da ta yi jinyar ƙaninta har ya rasu. Matar ta juya ta a tafin hannu ta ce ai irin su ne, manyan nan, kuma masu sha sukan cire takardar don kada a gane. Kafin rana ta faɗi duk gidan an sani, ban da ni.

Abincina ya canza. Yau hanta, gobe ƙwai, jibi kan kifi, ga madara a kunu. Wallahi murna na riƙa yi. Har alfahari na yi wa Oga, na ce tsohuwata kamar ta san abin da tsoka ke so. A famfo kuma sai na ga ana matsa mini, mata na janye bokitansu da yaransu in na doso. Maƙwabcin da muke aski da injinsa ya ce ya lalace. Ni kuwa, don tsabar wauta, na ɗauka ƙirjin ne ya fara fitowa ake shakkata. Har wani buɗe hannuwa na koya in ina tafiya.

Mama ta fara abin da rabonta da shi tun ina yaro. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda kowa zai gani, ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya. In na sha ruwa ta karɓi kofin ta shanye saura. Na yi ta mita, na ce ni ba yaro ba ne, ta ce in ci abincina. Ita ce ta riƙa ramewa a gabana. Ta daina rera waƙa in tana wanke-wanke. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce zazzaɓi ne, ni ma na yarda na tafi wurin ƙarafuna.

Wata Lahadi bayan an taso daga sujada, Kawu ya zo daga Romi. Yayan Mama ne, ma'aikacin gwamnati, mutum mai tabarau da magana a hankali. Aka kira ni ɗakin Mama aka saki labule. Farar kwalbata tana zaune a kan tebur.

"Ɗana, ba faɗa muka kira ka mu yi maka ba," in ji Kawu. "Abin da ya faru ya faru."

Mama ta kamo hannuna. "Mun sani," ta ce. "Ka daina ɓoyewa, nauyin ya yi maka yawa kai kaɗai. Ni na haife ka, ni zan yi jinyarka. Kowa ya gudu, ni ina nan."

Sai da na ɗan jima ina kallonsu kafin abin ya faɗo mini gaba ɗaya, hantar da kofin da bokitan mata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Mama, maganin ƙwanji ne."

"Maganin me?" in ji Kawu.

Na yi bayani, ina in'ina, tun daga shagon walda har zuwa tsokar da ke yagewa tana ɗinkewa. Kawu ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce kowa da irin labarin da yake kawowa da farko. Da na rasa yadda zan yi, sai na tuɓe riga a gaban kawuna da uwata, na murɗe hannu iya ƙarfina. Kawu ya gyara tabarau ya matso ya duba, ya sake dubawa.

"Ina yake?" ya ce. Da gaske yake tambaya, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Na sa rigata na hau bas zuwa Kakuri, na aro kwalbar Oga mai takarda na dawo. Baturen da na ɓoye wa Mama, shi na ɗora mata a hannu. Kawu ya zazzage ƙwayoyin kwalaben biyu ya gwada, ya karanta rubutun, sai ya kama dariya har yana share hawaye. Mama ba ta yi dariya ba. Ta kifa kwalbar a tebur ta ce ita sai ta ji daga bakin likita.

Muka je asibiti aka ɗebi jinina. Ranar da muka koma karɓar sakamako, likitan ya ce ba ni da komai sai ƙurar auduga a ƙirji. Na ɗauka Mama za ta yi guɗa ko ta zage ni, duk wanda ta yi zan karɓa. Da muka fito bakin titi, sai ta zauna a bencin wata mai gasa masara.

"Tafiyar da na yi gida Filato watan jiya," ta ce, "ba biki na je ba. Wurin 'yan'uwan babanka na je. Na ji tsoro kada su ce mai ciwon nan ba zai kwanta cikin dangi ba, a binne ka nan Kaduna cikin baƙi. Na durƙusa musu na roƙa maka wuri kusa da babanka. Sun sha wahalar da ni, amma sun ba ni."

Na durƙusa a gabanta nan bakin titi, bas na wucewa, mai masara na kallonmu. Na ce ni zan je in yi wa 'yan'uwan babana bayani da kaina. Ta ce a'a, tare za mu je, tana so su gan ni ina tafiya da ƙafafuna.

Muka je ƙarshen makon. Na maimaita wa dattawa labarin ƙwanjin a zaure, kaina a ƙasa, wasu na murmushi, wasu na tsaki. Da aka watse, babban yayan babana ya ce in biyo shi. Ya kai ni bayan gari, ya tsaya kusa da kabarin babana ya nuna mini wurin da sanda. An riga an nome ciyawar wurin.