Mang Odang da Ganyen Ketapang

Har yau idan matan layinmu suka zauna kankare kwakwa, sai an tayar da zancen ranar da Bi Engkar ta ba mijinta ganye a matsayin miya.

Ta sayo ƙatuwar kwakwa don miyar kifi, ta fasa, ta shiga wanka. Kafin ta fito rabi ya yi ɓatan dabo. Ta zagaya bayan ɗaki, sai ga mijin nata, Mang Odang, a tsugune gaban akwatin yashinsa, umang sun yi dafifi a kan kwakwarta. Umang dai su ne ƙananan ƙaguwoyin bakin teku da ba su da gidan kansu, sai su shige kwanson dodon koɗi su yi ta jansa.

"Kang, wannan fa?" in ji ta, don haka mace ke kiran mijinta a nan.

"Ɗan kaɗan na ɗiba, Nyi. Babban nan bai daɗe da yin saɓa ba, jikinsa na son maiƙo."

"Ni da na haifa maka 'ya'ya, yaushe ka taɓa cewa jikina na son maiƙo?"

"Ai ke kina da bakin faɗa. Su ba su da shi."

"Au, haka ne?"

Da azahar ta dire masa farar shinkafa, ta ɗora busasshen ganye a kai. Ta ce, "Ga cimar danginka. Mai baki ta cinye kifin." Gaya ya ci ran nan.

Mutumin nan ɗan masunta ne gaba da baya. Ubansa da kakansa a teku suka tsufa, amma shi ko kwalekwale na kife a tudu ya kalla sai kansa ya juya. Da aka gaji da wanke masa amai, sai ya koma tallan umang a ƙofar makarantun garinmu, Pangandaran, yana shafa wa kwansunan fenti ja da kore kamar kowa. Yara su saya, su hura musu numfashi su leƙo, su cusa musu ragowar shinkafa, kafin Juma'a ta zagayo sun mutu, su dawo su sayi wasu. Duk mai hankali ya san ciniki ke nan. Shi kuwa Odang sai abin ya dame shi. Ya jefar da fenti, ya fara yi wa masu saye tambayoyi kamar 'yarsa suka zo nema. Kana da yashi? Ruwan teku fa? Akwai bishiyar ketapang a gidanku? Babu? To Allah Ya ba da sa'a. Da soyayyar ayabar Bi Engkar gidan ke ci, in ana son gaskiya.

Ka gan shi da safe a bakin ruwa yana tsintar itace, ka rantse wani abu ya taɓa shi. Ya ɗauka, ya sansana, wani lokaci har ya lasa. Itacen da teku ta turo, in akwai ɗigon fenti ko kwaltar jirgi a jiki, sai ya yar. Guntun katakon kafinta ko kyauta ba ya karɓa, wai an shafa masa maganin gara. Icen da ke ƙanshin ƙaro ma ba ya shiga akwatinsa. Abin da ya yarda da shi, busasshen reshen mangwaro, gora, da zaren bayan kwakwa, wanda mu muke goge tukunya da shi amma shi yake wankewa ya shanya kamar kayan jariri. Ranar da masu feshin sauro suka ratsa unguwa kuwa, bi yake yana lulluɓe komai da zannuwan matarsa, yana zagin hayaƙi.

Duk waɗannan ƙari ne. Ainihin tuwon umang ɗinsa shi ne ganyen ketapang, wanda ya yi ja ya bushe ya faɗo da kansa. Bishiyar ɗaya ce tak ta rage a layinmu, a ƙofar gidansa, rassanta sun rufe hanya. Tsiyarta, da rani take zubar da ganye, daidai lokacin da ake shirin bikin samun 'yancin kai, lokacin da alƙalai ke zagayawa su zaɓi unguwar da ta fi tsafta.

Bara aka yi sabon mai unguwa, Pak Sukirna, mutumin da ya ɗauki gasar nan kamar a kanta za a yi masa hisabi. Ya sa aka shafe duwatsu da farar ƙasa, aka jera tsofaffin tayoyi masu launi, mata na shara ana ƙonawa safe da yamma. Amma kana gama share ƙofar Odang, iska ta kaɗa, kamar ba a yi ba. Ga shi ya hana a ƙona ko ɗaya, wai abincin bayin Allah ne. Sai mai unguwa ya aro zarto, ya tara maza a gindin bishiyar, inda dama nan ne wurin hirar shi mai unguwar kullum.

"Mang, kai babba ne," in ji shi, yana zuƙar tabarsa mai kanumfari. "Unguwa guda za ta sha kunya saboda ƙwari?"

"Ba ƙwari ba ne, Pak."

"To masu gida ne. Ka ba su shinkafa mana."

"Kai ma a ba ka yashi mana."

Aka kwashe da dariya. Mai unguwa ya ɗaure fuska.

"Magana ɗaya ce. Duk abin da ke zubar da datti a layin nan, yau za a kawar da shi. Ko ba haka muka yanke ba, jama'a?"

Jama'a suka ce haka ne, har da waɗanda ke jingine da bishiyar suna shan inuwa. Bi Engkar na bakin ƙofa riƙe da makankarin kwakwa. Ta ce, "Kang, in ka bari suka sare ta umang ɗinka suka rasa ganye, kada ka kuskura ka kalli kwakwata."

Odang ya shige gida. Muka ce shi ke nan, ya sake faɗuwa. Sai ga shi da kwando a hannun dama, tsohon gwangwanin biskit a hagu. Ya juye kwandon, ganye ne wankakke. Ya juye gwangwanin a gaban takalmin mai unguwa, guntayen taba ne tuli guda, duk iri ɗaya da wadda ke bakin Pak Sukirna. Ashe kowace safiya sai ya tsince su daga cikin ganyen, don taba kashe umang take yi.

Zarton nan ko haƙori ɗaya bai taɓa bishiyar ba, mai shi ya saɓa abinsa ya tafi. Ga abin da Odang ya ce:

"Wannan dattin bishiya ne, Pak, wata guda take yi a shekara, kuma tana da masu cinye mata. Wannan naka ne, ba rani ba damina, ko akuya ba ta sansana shi. To da wa za a fara?"