Neman Sunan Yaya a Mujallu

Shekarar da Allah Ya yi wa yayana rasuwa, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin karatu kusa da Kawo. Bayan sadakar arba'in na koma aiki. Ina ci, ina salla, ina hawa bas, amma ba na jin komai.

Shugabanmu yana rubutun digiri, sai ya ba ni aiki. Mujallu biyu ne na sha'anin ɗakunan karatu, ɗaya ta gida, ɗaya ta Ingila. In buɗe ƙarshen kowace maƙala, in kwashe sunayen waɗanda marubuci ya ce daga gare su ya ɗauko, a ga mujallar da aka fi jingina da ita. Abin bai baƙunce ni ba. A zauren da na yi karatun ajami, ɗalibi ba ya jan baƙi sai ya ambaci malaminsa.

Yaya ya taɓa buga maƙala guda a mujallar gida, kan yadda ake adana tsofaffin takardun ajami. Da na yi wa Inna, mahaifiyarmu, bayanin aikin, sai ta ajiye tasbaha.

"To ka duba mini ko wani ya ambace shi. An ce ilmin da ake amfana da shi yana bin mutum har kabari."

Na duba. Watanni ina bin sunaye da yatsa, Turawa da mutanen gida, ban ga nasa ba. Ranar da na kai fitowar da maƙalarsa take ciki, sai na tarar shafukan a manne ta sama, yadda suka fito daga maɗaba'a. Ba wanda ya taɓa buɗewa. Na sa reza na raba su.

Ran Juma'a na ari mujallar na tafi Malali. Inna tana tsintar wake a tsakar gida.

"Ka gani?"

"Ban gani ba, Inna."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Karanta mini."

"Da Turanci ne fa."

"Na tambaye ka yarensa ne? Karanta."

Na zauna a bakin tabarma na karanta tun daga farko, har aka kira la'asar. Kalma ɗaya ta gane, ajami, kuma duk inda ta fito sai ta gyaɗa kai. Da na rufe, ta zube waken a ƙwarya.

"Gobe ka faɗa wa mai gidan naku, ya rubuta mutum biyu sun amfana da ita."