Maman Kabo da 'Yan Ƙwallon Mansur

Maman Kabo ya zo Makka daga Maraɗi, ya yi aikin hajji, fasfonsa ya ɓace a Mina, shi ke nan ya zauna. Har ya koma ga Allah bai samu iƙama ba, wato takardar izinin zama. Tsire yake sayarwa a unguwar Mansur.

A shekarar 1963 ya gaji da ganin samarin unguwa suna buga ƙwallo ba tsari, kullum sai an tashi baram-baram. Ya tara su, ya raɗa musu suna Taurarin Mansur, ya nemo fili a bayan tudu suka kwashe duwatsunsa da hannu. Matarsa Zinariya ta rina musu riguna kore. Shi ke zaɓen 'yan wasa, shi ke lallashin iyaye, shi ke dakatar da duk wanda ya zagi alƙalin wasa.

Da ƙungiyar ta yi suna, aka ce sai an yi mata rajista. Ma'aikacin ofis ya nemi takardun shugaba. Maman ba shi da su, ya fito. Aka rubuta sunan Abdulganiyyu mai kantin yadi, haifaffen Makka, wanda ko filin bai taɓa takawa ba.

Bayan shekara uku aka gayyace su wasa a Jidda. Mota ta cika, Maman na tsaye a ƙasa riƙe da jakar ƙwallaye.

"Yalla Baba, hau mana," in ji Hadi, mai tsaron gida.

"Akwai shingen 'yan sanda a hanya, ɗana. In suka tambaye ni iƙama, a jirgin ruwa za su saka ni, su mai da ni gida. Wa zai riƙe mini iyali?"

Ya miƙa jakar ta taga. Ranar ya ƙona tsire har sau biyu. Da suka dawo da nasara, ya zaunar da Hadi a kan benci, ya ce ya ba shi labarin wasan tun daga busa ta farko, kada ya tsallake komai. Haka ya yi ta yi: Ɗa'ifa, Madina, Jidda kuma. Ya shirya musu tafiya, ya raka su bakin mota, ya koma gaban wuta.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a 1969. Hadi ya karɓi ƙungiyar, ya riƙe ta shekara da shekaru. A unguwar kuwa, in aka ga matashi ya iya taka leda, tsofaffi kan ce, "Kai, da Maman na raye!"