Lilon Wudil da Hannun Ƙanena

Ana sallame sallar asuba, kashegarin ƙaramar Sallah, muka bar Lajawa a kan keke ɗaya, ni ina tuƙi, ƙanena a baya. Gaisuwar Sallah zai kai wa surukansa a Wudil, ni ɗan rakiya ne. Shi ne mai riƙe da gonar gidanmu, domin ni fatauci ya ɗauke ni, Baba kuma ƙarfi ya ƙare. Ga damina ta ƙarato.

Hanyar duk rairayi ce, turin keken ya fi hawansa yawa. Ƙanena ya sha sabuwar babbar riga, yana ta tattare ta yana fama, ni ina yi masa tsiya. Mun tsaya gindin wata tsamiya mun sha fura da nono. Da muka shiga Wudil muka taya soyayyen kifi, muka ji kuɗin Sallah aka sa masa, muka haƙura da gurasa.

Bayan mun gama gaishe-gaishe, ƙannen matarsa suka ja mu bakin kasuwa kallon wani lilo da aka kawo daga birni. Katako ne aka haɗa kamar ƙafar keke a tsaye tsakanin turaku biyu, an rataya akwatunan zama, ƙarti biyu suna juya shi da hannu. In mutum ya kai sama ya fi soro tsawo. Babu shinge, babu igiyar da za ta riƙe wanda ya hau, ga kawunan ƙusoshi sun fito a jikin turakun kowa yana gani.

Ƙannen matar suka sa shi gaba da tsokana, wai ango tsoro yake ji. Na ce in dai zai hau ya tuɓe rigar. Ya ce, "Haba Yaya, a unguwar surukaina zan tsaya da 'yar shara?" Mai lilon ya ce, "Hau abinka, Malam, ba wanda ya taɓa faɗowa."

Ya hau. Aka yi wa ƙartin nan ihisani don su ƙara gudu, makaɗi ya saki kalangu. Ana cikin haka iska ta buɗe hannun rigar, ƙusa ta kama shi, akwatin ya wuce, hannun damansa ya shige tsakanin akwati da turke. Na ji ƙarar ƙashin duk da kiɗan. Sai da na sa wuƙa na yanke rigar muka sauko da shi.

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Mai lilon ya leƙo ya ce, "Ƙaddara ce, Allah ya sawwaƙe." Na ci kwalarsa, dattawa suka shiga tsakani suna ba ni haƙuri, kamar ni na yi laifin. Na yarda da ƙaddara, amma ƙusar nan mutum ne ya gan ta ya bar ta, kuma guduma ɗaya ta ishe ta. Ba mu kai ƙarshen layin rumfuna ba na waiwaya, na ga lilon ya ci gaba da juyawa, mata da goyo suna bin layi.

Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ce zai kama, amma bana kada ya taɓa fartanya.

Washegari muka samo masa jaki, ni na turo keke har gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk abin da zai ɗaga mutum sama, a duba shi da ido tun ana ƙasa, kuma kunyar surukai ba ta kai hannu daraja ba. Ku da za ku kasuwa da iyalanku, na faɗa muku.

Da muka shiga gida Baba ya dubi hannun. Ya tashi yana dafa bango, ya ɗauko garma daga bayan rumbu, ya zauna yana gyara mata ƙota.