Hannu a Kafaɗa

A shekarar da za a yi mini Ƙarfafawa, bikin da Bishop yake shafa wa yara mai a goshi, a cocinmu na Katolika kusa da Gwangwan, kakata ce za ta tsaya bayana ta dafa kafaɗata. Saura mako biyu Bishop ya zo muka binne ta.

Ban fasa zuwa gwajin bikin ba. Katikis, malamin da ke koya mana addini, yana dangwala mana man gyaɗa a goshi, yana faɗa don mun saba sunkuyar da kai gaban manya. "Ɗago, 'yata, ta ina za a shafa miki man?" Na ɗago. Ko kukan ya ƙi zuwa.

Kowace yarinya da mai dafa ta. Ni maƙwabciya aka kira mini daga wajen shanyar barkono. Ta goge hannu a zane, ta ce, "Malam, wace kafaɗar ce?"